Shekaru Biyu da Ba Nawa Ba

Duk Nima, unguwarmu a Accra, da Baffa aka san ni, amma ba shi ne sunana na yanka ba. Sunan ƙanin mahaifina aka mayar mini, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baaba ya furta sunan nan da bakinsa ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in ransa ya yi fari ya ce "Baffa". Wanda bai san dalilin haka ba ba zai gane sauran labarina ba, don haka daga nan zan fara.

Ranar Laraba 9 ga Mayu, 2001, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Hearts of Oak da Asante Kotoko suka kara a babban filin wasa na Accra da ke Osu. Ana dab da tashi rikici ya ɓarke, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka yi ƙofa a guje suka tarar ba hanyar fita. Mutum fiye da 120 suka rasu a turmutsutsun, da yawansu 'yan Nima ne da sauran zangonni. Ƙanin Baaba yana cikinsu. A asibitin sojoji na 37 aka gano gawarsa, kuma Mma ta ce da takalmi Baaba ya fara gane shi, domin takalminsa ne yaron ya ara da rana ya tafi kallo. Allah ya jiƙan su baki ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka haife ni, a ɗakin Kakata, a hannun ungozoma. Gidan yana cikin makoki. Ranar suna ba kiɗa ba guɗa, aka yanka rago bayan asuba, liman ya raɗa suna, kowa ya watse. Ba wanda ya tuna da zuwa ofishin rajistar haihuwa, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Mutumin da ko addu'ar arba'in ta ƙaninsa ba a yi ba, ina shi ina tunanin takarda?

Na taso dogo tun ina ƙarami, irin tsawon dangin Mma. A 2006 Kaka ta riƙe hannuna ta kai ni firamare. Na tuna layin iyaye har bakin titi, da malamin da ke zaune a ƙarƙashin bishiya da babban littafi a gabansa. Ya ce in ɗora hannun dama bisa kaina in taɓo kunnen hagu, kamar yadda ake gwada yara a ga ko sun isa shiga aji. Na taɓo kunnen har yatsuna suka wuce. Ya tambayi Kaka shekaruna, ta amsa masa da Hausa cewa shekarar sitadiyam aka haife ni. Shi ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Turanci, ga mutane suna ta matsowa daga baya. Ya dube ni sama da ƙasa ya rubuta 1999. Shekarata biyar, aka ba ni bakwai. Wannan lambar ta bi ni daga littafin nan zuwa takardar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a 2015, ta bi ni har sakandare, ba wanda ya taɓa lura, ni ma in na gani a takarda ban ɗauke shi komai ba.

Nima unguwar ƙwallon ƙafa ce, ita ta fitar da Mohammed Kudus. Ko wane lungu ka leƙa yara ne da duwatsu biyu an kafa gola. Amma a gidanmu ba a zancen ƙwallo. Baaba tela ne, rediyonsa tana kan keken ɗinki daga safe har dare, da an ce ga labarin wasanni sai ya miƙa hannu ya kashe ba tare da ya ɗaga kai ba. A 2009 da Ghana ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Masar, Nima gaba ɗaya ta fito titi, ana ta buga galan da murfin tukwane. Mu muna tsakar gida a zaune, ƙofa a rufe, muna jin ihun ta saman katanga.

Ina da shekara goma sha biyu na haɗu da Saja. Tsohon soja ne daga arewacin Ghana, yana jin irin Hausar nan ta bariki, gajera mai kaifi. A gefen filin Kawukudi yake kafa ragarsa da yamma, can inda masu ƙwallon ƙafa ba su damu da shi ba. Sandunan ƙarfe biyu ne da aka dasa cikin tsofaffin tayoyin mota aka cika da siminti, mu muke mirgino su kullum mu mayar. Ragar ta sha ɗinki har ba ka iya gane zarenta na asali. Ina dawowa daga aike ya tsayar da ni, ya ce in ɗaga hannu sama in tsaya kusa da raga. Ya duba inda yatsuna suka kai, ya ce, "Gobe bayan la'asar. Kada ka zo da silifa."

Ƙwallon raga, ko boli kamar yadda muke cewa a unguwa, wasa ne da mai kallo daga nesa yake ɗauka ba wahala. Satin farko damatsan hannuna suka kumbura suka yi jawur, har in zan yi alwala sai na cije leɓe. Ƙwallo ɗaya tak Saja yake da ita mai kyau, Mikasa mai ruwan ɗorawa da shuɗi, tana cikin jakarsa sai ranar wasa. Mu sabbi da wata mai tauri kamar ƙwarya muke koyo. Mma ce ta fara ganewa. Ba ta ce komai ba, sai dai kullum da dare ta kira ni bayan ɗaki ta shafa mini man kaɗanya tana girgiza kai.

Saja ba ya barin ka taɓa ƙwallo sai ka haddace filin. Tsawo mita 18, faɗi mita 9, mu muke ja da toka. Ragar maza mita 2.43 daga ƙasa, kuma yana da sanda da ya yanka daidai wannan tsawon, in tsakiyar raga ta sauka ko da faɗin yatsa ne sai an sake ɗaurewa. Mutum shida kowane ɓangare. Taɓawa uku kawai ake ba ku: ɗaya ya karɓa, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya doka. Wanda ya fara kai maki 25 da ratar biyu ya ci zagaye, in an kai na biyar a 15 ake tsayawa. Ya kan gaya mana cewa wani Ba'amurke mai suna William Morgan ne ya ƙirƙiro wasan a 1895 don manyan da ba sa son gwabzawar jiki, kuma ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ba a barin mutum ɗaya ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere, in ba a wajen tarewa ba. Komai gwanintarka dole ka miƙa wa wani. Ni yaro ne da ya taso a gidan da ba a yawan magana, sai ga ni a wurin da in ba ka buɗe baki ka ce "tawa ce" ba, kai da ɗan'uwanka za ku yi karo ƙwallo ta faɗi tsakaninku. A nan na koyi ɗaga murya.

A tsakiya Saja ya sa ni, mai tarewa a bakin raga. Shekara biyu ina ɓoyewa, ina cewa na tafi muraja'a gidan abokina. Ranar da asirina ya tonu, ƙwallo ce ta bugi yatsana na tsakiya ya goce. Da dare muna cin tuwo na kasa yanko loma. Baaba ya kama hannun ya juya shi a hasken fitila, ya ga ƙyallen da na naɗe yatsun da shi. Bai doke ni ba, da ma ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Filin wasa ya ci mutum ɗaya a gidan nan. Ba zai ci na biyu ba." Ya wanke hannu ya tashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Saja ya zo shago da goro a ganye. Ina daga ciki ina guga, ina jin su. Ya ce, "Malam, na san abin da ya same ku, ni ma na ɗauki gawa a daren nan. Amma wasan namu raga ce a tsakani, ba mai taɓa jikin wani. Kuma yaron nan Allah ya ba shi abin da ba a saya a kasuwa." Ya yi masa bayani cewa a Ghana manyan ƙungiyoyin ƙwallon raga yawanci na sojoji ne da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da gandurobobi, yaron da ya ƙware yana iya samun hanyar aiki ta nan. Baaba ya daɗe yana taka keke bai amsa ba. Can ya ce, "Magariba ta same shi a sahu." Iyakar izinin da na samu ke nan, na kuwa riƙe shi da hannu biyu. Bai taɓa zuwa kallona ba, bai taɓa tambayata ko mun ci ba.

A sakandare na buga wa makarantarmu, tsawona ya kai mita ɗaya da santimita casa'in da huɗu. A lokacin ne na fara sanin cewa akwai gasar duniya ta yara maza 'yan ƙasa da shekara 19, wadda hukumar ƙwallon raga ta duniya FIVB take shiryawa duk bayan shekara biyu tun 1989, da aka fara a Dubai Brazil ta ɗauka. Kafin ƙasa ta je can sai ta tsallake gasar nahiyarta. Ta 2017 a Bahrain aka yi, Iran ta ci, na kalli guntayen wasannin a wayar abokina har sai da na haddace yadda masu tarewarsu suke taka ƙafa. Ta gaba kuma a Tunisiya za a yi a 2019, a nahiyarmu, kuma waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2001 zuwa sama ne za su buga. Da Saja ya faɗa mana haka sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Shekarata ce daidai.

A 2018 aka kira gwajin yara masu wannan shekarun, don a ga waɗanda za a tara a horar. Saja ya kai mu mu uku. Kwana biyun farko ban taɓa wasa irinsu ba a rayuwata. Akwai wani yaro ɗan Tema mai dukan ƙwallo kamar ya fasa ƙasa, na tare shi sau uku a jere, har wani daga cikin masu horarwa ya zo ya auna tsallena da alli a bango, ya rubuta a takarda ya ja layi biyu a ƙarƙashin sunana. Da idona na ga layin.

Rana ta uku aka ce kowa ya kawo takardunsa. Na miƙa takardar BECE, ita kaɗai nake da ita. Wani dattijo mai tabarau ya duba, ya ɗago ya ce ai na wuce da shekara biyu. Na ce wallahi 2001 aka haife ni. Ya yi murmushin wanda ya gaji da jin magana ɗaya, ya ce in kawo takardar haihuwa. Na ce ba ni da ita. Ya ture takardata gefe ya kira na bayana.

Na dawo gida na shige ɗaki ban ci abinci ba. Mma ce ta gaya wa Baaba. Na ɗauka daɗi zai ji, tun da abin da ba ya so ne ya ƙare da kansa. Washegari da sassafe sai na ga ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, bai buɗe shago ba. Ya biya ya ɗauko limamin da ya raɗa mini suna, tsoho har ya fara dogara sanda. Muka je aka rubuta takardar rantsuwa aka buga mata hatimi, ya biya da kuɗin ɗinkin wani da bai riga ya gama ba. Hanyar zuwa wurin gwajin ta gaban sitadiyam take bi. Da trotro, motar hayar da muka shiga, ta zo daidai wurin Baaba ya ce wa yaron mota ya tsaya. Muka sauka. Ya tsaya nesa da ƙofa ya ɗaga hannu yana addu'a, leɓɓansa na rawa, liman yana cewa amin. Shekara goma sha bakwai rabonsa da bin titin nan. Daga nan da ƙafa muka ƙarasa.

A gaban dattijon mai tabarau, Saja yana fassarawa, Baaba ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya faɗi ranar, ya faɗi takalmin, ya faɗi yadda ya wanke gawar da hannunsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na mantuwa da lissafin nan. Kwana goma sha ɗaya tsakanin binne ƙanena da haihuwar yaron nan. Sunansa na ba shi." Sannan ya ambaci sunan, cikakke, sunana na yanka, a karon farko a kunnena. Wurin ya yi tsit, yaran da ke ɗumama jiki suka tsaya da ƙwallo a hannu.

Dattijon ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce ya yarda da Baaba ɗari bisa ɗari, amma ba shi zai duba fasfo a ƙasar waje ba. Ga takardar makaranta ta shekara da shekaru ta ce 1999, ga rantsuwar da aka yi yau da safe ta ce 2001. Ya ce duk yaron da ya rage shekaru da irin wannan sabuwar takarda yake zuwa, kuma in aka kama ƙasa da ɗan wasa ɗaya mai takardu biyu, sauran yaran duka za su sha hukuncin. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Yanzu da nake riƙe da yara a hannuna na san gaskiya ya faɗa. Rage shekaru ya yi wa wasannin matasa ɓarna a nahiyarmu, shi ya sa a ƙwallon ƙafa tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan ƙasa da shekara 17 da na'ura. Masu ƙarya sun cinye amanar da masu gaskiya za su ci. Kowa ya san masu rage shekaru, amma ba a cika jin labarin irinmu ba, da aka ƙara mana ba mu roƙa ba, kuma na tabbata muna da yawa a zango.

A watan Agustan 2019 aka yi gasar a Tunisiya, ƙasashe 20. Ina zaune a majalisar masu shayi na kalle ta a waya, ina ƙara kati kullum. Najeriya tana cikin waɗanda suka wakilci Afirka, na bi wasanninsu kamar nawa, ina duba mai tarewarsu na tsakiya ina auna kaina da shi. Italiya ta doke Rasha a wasan ƙarshe. Na kashe wayar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kore ni. Bayan nan na daina zuwa Kawukudi. Na kama koyon walda, in na hango Saja daga nesa sai in sauya hanya. Har salla ta fara yi mini nauyi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ina ta tambayar kaina me ya sa Allah zai ba ni tsawo, sannan tsawon nan ya zama shi ne ya sa aka rubuta mini abin da ya hana ni. Mma ce take zaunar da ni tana cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ni kuwa ba na son jin karin maganar nan ko kaɗan.

Abin da ya dawo da ni ƙaramin abu ne. Bayan an ɗage kullen korona a 2020, Saja ya aiko yaro shagonmu da sandar ragarsa guda ta karye daga gindi, a yi mata walda. Na gyara, na ce ni zan kai da kaina don kada yaron ya sake karya ta. Na tarar da shi zaune a kan benci, gwiwoyinsa sun kumbura ba ya iya tsayuwa, ga yara sun fi ashirin ba mai nuna musu komai. Wani ƙarami yana karɓar ƙwallo da hannu a lanƙwashe. Na ce, "Miƙe gwiwar hannunka, durƙusa da ƙafa." Ban ankara ba aka kira magariba. Saja ya miƙo mini usur ɗinsa bai ce uffan ba.

Tun daga ranar yaran suna hannuna. Na gyara takarduna daga baya, da wahala da kuɗi da zirga-zirga, yanzu katina na ɗan ƙasa 2001 yake ɗauke da ita. Duk yaron da ya zo, kafin in auna tsallensa sai na je gidansu na gaida iyayensa na nemi ganin takardar haihuwarsa, in gwada ta da abin da makaranta ta rubuta. Cikin yaran farko kaɗai na samu huɗu da takardunsu ba su yi daidai ba, muka gyara tun suna firamare, lokacin da ba wanda zai zarge su da komai. In na je suna a unguwa kuwa, bayan addu'a nakan ja uban jariri gefe in tuna masa cewa rajistar haihuwa kyauta ce a Ghana matuƙar jariri bai cika shekara ɗaya ba. Wasu suna cewa Baffa ya cika naci. Ina ci gaba da faɗa.

A watan Maris na 2024 Accra ta karɓi gasar wasannin Afirka, aka buga ƙwallon raga a sabon zauren Borteyman. Na tara kuɗi na ɗauki hayar trotro don in kai yarana su ga yadda manya suke yi a kan fili na gaske. Muna shirin tashi sai ga Baaba da babbar rigarsa, ya ce a matsa masa. A zauren bai yarda ya hau sama ba, kujerar da ta fi kusa da ƙofa ya zaɓa, na ga yana bin ƙofofin da ido ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Zagayen farko gaba ɗaya hannunsa yana kan gwiwata. A na biyu ya sunkuyo ya tambaye ni me ya sa mutum ɗaya rigarsa ta bambanta da ta 'yan'uwansa. Na ce libero ke nan, mai tsaron baya, aikinsa kwashe ƙwallon da ta kusa taɓa ƙasa. Ya ce, "Kai a ina kake tsayawa?" Na nuna masa tsakiyar raga. Ya daɗe yana kallon wurin.

Bayan sati biyu na dawo daga aiki na tarar da tsohuwar ragar Saja a shimfiɗe a shago, daga bakin ƙofa har bango. Baaba ya sa yara sun ɗauko masa ita. Ya farke ruɓaɓɓen ƙyallen da ke samanta, ya sayo farin kyambas sabo, tef ɗin awo yana rataye a wuyansa, alli a hannu. Ya ce, "Wancan na Borteyman na ga farin bakinsa bai kai faɗin tafin hannu ba. Nawa ne a ƙa'ida?"

Na ce santimita bakwai.

Ya auna, ya sa alama, ya kira ni da sunana na yanka ya ce in riƙe masa ɗaya bakin kada ya karkace.